Neman dangin uba a Jos: ajiye maganar ejan tukuna

Wata 'yar'uwa ta rubuto daga Ingila. Mahaifinta ya rasu, abin da ta sani kawai kakanta ya zo Jos aikin kuza, ya gina gida a unguwar Gangare. Baffanta ya ce ta daina tone-tone, wani ejan kuma ya ce ta turo kuɗi ya kawo mata takardar asali da jerin dangi cikin mako biyu.

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinki. Ejan ɗin nan kada ki ba shi ko sisi. Babu ofishin da ke ajiye salsalar gidanku a jere. Rajistar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kan dokar 1992 take tafiya, kakanki ba ya ciki. Takardar asali kuwa, wato ta shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, a Jos ta Arewa an daɗe ana jayayya a kanta. Mun ga waɗanda aka buga wa ta bogi, ofishin jakadanci ya gano, har takardunsu na gaskiya aka daina yarda da su.

Fara da tsofaffin matan gidan, musamman gwaggo. Ki ɗauki muryarsu a waya, ki tambayi laƙabin kakan, garin da ya taso, matansa, da 'ya'yan kowane ɗaki. Laƙabin ya fi sunan yanka amfani, domin da shi unguwa ta san mutum. Daga nan wani amintacce ya je wurin mai unguwa da limamin masallacin layin. Rikicin 2001 da na 2008 ya tarwatsa gidaje, mai unguwa da liman su ne suka san inda kowa ya koma.

Takardar da ta fi kowace nauyi ita ce ta rabon gado, in a kotu aka yi, domin alƙali kan rubuta sunan kowane magaji. Ki nemo shekarar rasuwar da kotun, a biya kuɗin kwafi a karɓi rasit. Gidan adana takardun tarihi na Kaduna yana da fayilolin Lardin Filato, amma yawanci haraji ne da ma'adinai, da wuya sunan lebura ya fito.

Baffa kuma bai kyauta ba. Sada zumunci wajibi ne, mace ma tana da haƙƙin sanin jininta. In kakanki ya riga mahaifinki rasuwa kuma ba a raba gidan ba, kason mahaifinki na magadansa ne, har da ke. Ki tambaye shi cikin ladabi ko an raba. In ya yi ta kewaye-kewaye, ki sa dattijon da yake jin nauyinsa ya tambaya a gaban shaidu.