Kayan rusau: wanne zan saya, wanne zan bari?

Tambaya: Salam Malam. Ina haya a Jidda, mai gidan ya yarda in gyara ɗakin saman bene a cire a kuɗin haya. Naje Harajin Sawarik, kasuwar gwanjo ta Jidda, naga ƙofofi da tagogi da tayil har da rodi na gidajen da aka rushe, arha wallahi. In saya ko in haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tun rusau ɗin da aka fara ƙarshen 2021, da ya ci unguwanni irin su Karantina da Sabil da Gulail inda 'yan'uwanmu suka jima, kayan nan suka cika kasuwa, toh amma ba duka ake ɗauka ba. Duk abinda idonka zai riƙa gani bayan an gama aiki saya, wanda za'a binne cikin siminti ko bango barshi. Ƙofar katako in mai nauyi ce ka ɗauka, tsohon katako ya riga ya bushe ya gama murɗewarsa, kawai ka ƙwanƙwasa ƙasanta kaji ko gara ta cinye cikin. Marmara ma haka, ana goge ta ta dawo sabuwa, sai dai ka ƙara da yawa don wajen ɓamɓarowa gefe yana karyewa kuma ba lallai ka sake samun irinta ba.

Rodi kuwa a'a, ko kyauta aka baka. An lanƙwasa an miƙe, ga iskar teku mai gishiri ta Jidda ta sa masa tsatsa, in ka zuba masa kankare tsatsar ci gaba takeyi tana kumbura har silin ya fara zubo maka, wannan na masu sikirab ne su kai a narka. Wayar wuta ma kar ka soma.

Taga ce nake so ka tsaya kayi lissafi, waccan tsohuwar alminiyom mai gilashi ɗaya zafi shiga yake kamar ba'a rufe ba, gashi saman bene ne, mukayyif, wato AC, bazai huta ba, kilowat kuma halala 18 ne yanzu (halala 100 ce riyal ɗaya), in mita ta wuce kilowat 6000 a wata abinda ya haura ya koma 30. Gara mai gilashi biyu ko da ta fi tsada. Kuma maganar cirewa a haya ku rubuta ta.

Tambaya: Malam wani ya tallata min roshan, tagar katakon nan mai sassaƙa, wai daga Balad, tsohon garin Jidda, inaso insa a falo.

Amsa: Hajiya abu ne mai kyau, mutanen da ai da shi suke shan iska babu mukayyif. Amma Balad tana jerin UNESCO tun 2014, gidajenta a kare suke, ba'a ɓalle musu komai haka nan. Ki tambayeshi daga wane gida ya fito da takarda, in ya fara kame-kame ki nemi kafinta ya ƙera miki da tsohon katakon kasuwar gwanjo.