Jirgin faiba ko na alminiyam: wanne ya dace da fita da iyali?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Ina son sayen ƙaramin jirgin ruwa don fita kamun kifi da iyali a madatsar Tiga, mu shida ne. An kawo mini biyu na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya: na faiba (roba mai tauri da ake haɗawa da zaren gilashi) mai tsawon ƙafa 19 da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, da na alminiyam mai ƙafa 14 da injin doki 15. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, yawan mutanen da ka faɗa ya kusa yanke maganar. Jirgi mai ƙafa 14 manya huɗu ne iyakarsa. In ku shida kuka shiga da kular abinci da kayan fatsa, bakinsa zai matso ruwa, iska na kaɗawa da la'asar igiya ta fara watso muku. Don haka na faiban nake ba ka shawara, amma da sharaɗi.

Sharaɗin shi ne bangon baya, inda ake ɗaura inji. Yawanci katako ne a ciki aka lulluɓe da faiba, ruwa kan bi ramin kusoshi ya ruɓar da shi alhali waje na ƙyalli. Ka ɗaga ƙafar injin, ka danna ta da ƙarfi. In bangon ya motsa, ko ka ƙwanƙwasa ka ji sautin ya mutu kamar an bugi jiƙaƙƙen kwali, ka haƙura da shi. Gyaransa ya isa ya cinye duk ragin da aka yi maka.

Sai injin, wanda shi ne rabin kuɗin. Ka je da makanikenka, ba na mai sayarwa ba. A tayar da shi cikin ruwa, a ga siririn ruwan nan da ke fita ta baya yana tsartuwa sosai. In yana ɗigowa ne, robar famfon sanyaya injin ta cinye, ita kuwa duk shekara ake canza ta. A kwance kusar man giya ta ƙasa. Mai ya fito fari kamar nono, ruwa ya shiga ke nan, galibi saboda zaren masunta ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare man. A madatsar da ake kafa raga, wannan ba baƙon abu ba ne.

Ka san da abin da zai riƙa ci. Doki 40 in an sake shi yana shan kusan lita 20 a awa, doki 15 kuwa wajen lita 7. Irin wanda ake gauraya wa mai, rabin lita na man inji ake zuba wa lita 25 na fetur. Babban injin ya haura kilo 70, ba ya ɗaukuwa a but ɗin mota, saboda haka sai ka sa kuɗin tirelar jan jirgi ko na mai gadi a lissafi.

Kada kuɗin ya fito daga jarin shago. Jirgin shaƙatawa darajarsa raguwa take kullum, daga riba ake sayensa. In kuma kana tunanin ba da shi haya, ka fara yi masa rajista da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida.

Rigunan kariya daga nutsewa guda shida, na yara daidai jikinsu, ka saye su tun kafin jirgin ya taɓa ruwa, kuma ku riƙa fitowa kafin magariba.