Kwana uku a kwarin Loire: waɗanne gidajen sarauta zan kai Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Damagaram ne, ina karatu a Paris. Mahaifina tsohon malamin makaranta ne, zai zo wurina a watan Satumba. Tun muna yara yake ba mu labarin gidajen sarakunan Faransa na bakin kogin Loire, waɗanda ya karanta a littafi amma bai taɓa gani da ido ba. Kwana uku gare mu, ba mu da mota, ga gwiwarsa tana damunsa. Abokaina sun ce duk iri ɗaya ne, in ka ga ɗaya ka ga saura. Wanne za mu je, wanne za mu bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo Baba lafiya, kai kuma ya yi maka albarka da ka riƙe wannan buri nasa a ranka.

Abokanka ba ƙarya suka yi maka ba, abin da ya same su suka faɗa. Wanda ya shiga motar 'yan yawon buɗe ido da asuba, aka zaga da shi gida huɗu kafin magariba, ba abin da zai rage a kansa sai farin dutse, baƙin rufi da ciwon ƙafa. Ni shawarata gida uku, ɗaya a yini, a bi su kuma bisa tsarin da tarihi ya jero su. In aka yi haka, ba wanda zai yi kama da wani.

Fara da fahimtar ƙasar. Loire, a baki Luwar, shi ne kogi mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita 1,000. Ɓangaren da ake magana, mai tsawon kusan kilomita 280 daga Sully-sur-Loire zuwa Chalonnes, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, fadamu da gonaki da kurmi, tudunta ba ya wuce gaɓar kogi. Inda babu dutsen da za a hau a kare kai, ruwa ne garkuwa. Shi ya sa za ka ga gida a tsibiri, gida a kan gada, gida da gwalalo cike da ruwa ya kewaye shi. Baba ya san ganuwar Birni a Damagaram, ba sai an yi masa dogon bayanin amfanin katanga da rami ba. Farin dutsen da aka yi ginin da shi kuma daga gaɓar kogin aka haƙo shi. Yana da laushi ƙwarai: goga yatsa a wani tsohon bango a cikin gari, za ka ga farin gari ya manne maka kamar alli. Laushin nan ne ya ba magina damar sassaƙa shi kamar ƙwarya, kuma ramukan da aka bari bayan haƙa har yau wasu na zaune a ciki, wasu na noman naman kaza.

Ku sauka a Tours. Jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Montparnasse awa ɗaya ne da ɗan ɗoriya, kuma daga Tours ƙananan jirage na zuwa duk inda zan ambata, ban da wuri ɗaya.

Ranar farko ku je Langeais. Ba ya cikin waɗanda ake yawan bugawa a kalanda, kuma don haka nake son ku fara da shi. Yana tsakiyar ƙaramin gari, ba nisa da tasha, ba hawa mai wahala kafin ƙofa. A bayan gidan akwai kangon hasumiyar da Foulques Nerra, mai mulkin Anjou, ya gina wajen shekarar 994, tana cikin tsofaffin hasumiyoyin dutse da suka rage a Faransa. Kauri ne kawai da tsayi, ba ado ko kaɗan, don wanda ya gina ta kullum yana jiran hari. Gidan da ke gabanta kuma Sarki Louis na XI ya sa aka fara a 1465, shekara 12 bayan ƙarewar yaƙin shekara ɗari da Ingila. Ga abin da nake so ka nuna wa Baba: ku tsaya a titi ku dubi fuskar da ke kallon gari, za ku ga gadar katako da ake ɗagewa da sarƙa, da ramukan da ake sako wa maƙiyi duwatsu ta sama. Sai ku shiga tsakar gida ku waiwayo. Bango ɗaya ne, amma wannan fuskar tagogi ne manya masu ado, na mutumin da ya fara jin cewa zai iya barci da ido biyu a rufe. Duk labarin kwarin yana jikin wannan bango: gidan yaƙi yana rikiɗa zuwa gidan hutu. A nan ne kuma aka ɗaura auren Charles na VIII da Anne ta Bretagne a 1491, a ɓoye, da sassafe, auren da ya jawo ƙasar Bretagne cikin hannun Faransa.

Rana ta biyu Chenonceau. Sunan tashar Chenonceaux ne, da harafi ɗaya ƙari, kada ya ruɗe ka. Kusan rabin awa daga Tours, kuma daga tasha zuwa ƙofa 'yar tafiya ce a ƙasa lebur, ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Ku kama jirgin farko, don da hantsi wurin yakan cika maƙil. Wannan gidan a kan kogin Cher yake tsaye, ƙafafunsa cikin ruwa. Mata ne suka tsara shi, kowacce ta bar hannunta. Katherine Briçonnet ta kula da ginin farko daga 1513. Sarki Henri na II ya ba Diane de Poitiers, wadda yake nema a waje, kyautar gidan a 1547, ita ta sa aka yi gadar. Da ya rasu a 1559, matarsa Catherine de Médicis ta karɓe gidan, ta ɗora wa gadar dogon zaure mai tsawon mita 60. Ku taka zauren nan a hankali. Daɓensa baƙi da fari ne, ruwa na wucewa ƙarƙashinku, haskensa na rawa a rufi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an jera gadajen asibiti a cikinsa, aka yi jinyar sojoji sama da 2,000. A na Biyu kuma kogin Cher ne iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba: ƙofar shiga tana hannun Jamusawa, ƙofar ƙarshen zauren tana buɗewa a ɗaya ɓangaren, kuma ta nan mutane suka riƙa tsira da ransu. Kicin yana ƙasa, cikin ƙafafun gidan, da wurin da kwale-kwale ke tsayawa a sauke cefane. Matakalarsa tana da matsi, in gwiwa ta ƙi, Baba ya zauna a lambu kai ka sauka ka ɗauko masa hoto.

Na san za ka ce ina Chambord, tunda shi ne a bangon littafin da Baba ya karanta. Shi ne mafi girma, ba gardama. François na I ya fara shi a 1519 a tsakiyar fadamar Sologne don farauta, ɗakuna sama da 400, katangar da ta kewaye dajinsa kilomita 32. A tsakiyarsa akwai matakala biyu da suka nannaɗe juna, mai hawa da mai sauka suna hango juna ta taga amma ba sa haɗuwa. Da yawa na ganin tunanin Leonardo da Vinci, shahararren mai zane ɗan Italiya, ne a ciki. Amma sarkin da ya gina shi, in aka haɗa duk kwanakin da ya yi a ciki, ba su kai wata uku ba. Sarakunan lokacin kullum a rangadi suke, da dubban mutane da dawaki, ana ɗauke gado da kujera da labule a akwatuna daga gida zuwa gida. Shi ya sa ɗakuna da yawa za ka tarar da su wayam, ga sanyi. Kuma daɗin Chambord a kan rufinsa yake, cikin kurmin hasumiyoyi da bututun hayaƙi, wanda ba a kaiwa sai an hau bene. Ba tashar jirgi a wurin, sai ka je Blois ka nemi bas ko tasi, tafiyar kilomita 16 ko kusa da haka. Ga mai ciwon gwiwa da kwana uku, ni zan bar shi. In ran Baba ya kafe a kansa, to a ƙara kwana na huɗu, kada a matse shi cikin ukun.

Kafin na zo rana ta uku, maganar ciki. Abincin da Tours ta yi suna da shi, rillettes da rillons, naman alade ne, kuma sau da yawa a tulu ake kawo shi tare da burodi ba tare da an tambaye ka ba. Miyar man shanu da ake zuba wa kifin kogi ana yawan sa mata giya, ka tambaya. Cukun akuya na Sainte-Maure, mai tsinken kara a tsakiyarsa, da burodi da 'ya'yan itace sun ishe ku guzurin rana, kuma a Tours akwai masallatai da mahauta na halal. Gidajen abinci na ƙauye daga sha biyu zuwa biyu suke ba da na rana, wanda ya makara sai dare. Ku tafi da ƙaramar darduma. Lambunan suna da faɗi, ba za a rasa kusurwar da ba kowa ba. Sannan ka duba kalanda: Asabar da Lahadi na mako na uku a Satumba ranakun kayan tarihi ne, wurare da yawa kan buɗe kyauta ko da rangwame, layi kuma ya yi tsawon da dattijo ba zai iya tsayawa ba. Ka ɗauki katin ɗalibinka, yana rage kuɗin shiga.

Rana ta uku ku ba Amboise ita gaba ɗaya. In da hali, ku kwana a can tun daren rana ta biyu, daga Chenonceau ɗan gajeren zango ne a tasi. Gidan yana kan gaɓa mai tsayi, ana hawa ta gangare, kuma manyan hasumiyoyinsa biyu ba matakala a cikinsu, hanya ce mai murɗewa da aka yi don doki da keken doki su hau. Daga sama za ku ga Loire a shimfiɗe, da tsibiran yashi a tsakiyarsa, irin yadda gulbi ke zama da rani. A nan Charles na VIII ya buga kai a dogarin ƙofa a 1498, ya rasu a ranar. A nan kuma Leonardo ya ƙare rayuwarsa: ya zo a 1516 bisa gayyatar François na I, ya zauna a Clos Lucé da ke ɗan gaba kaɗan, ya rasu ranar 2 ga Mayu 1519, kabarinsa na cikin ƙaramar majami'ar da ke harabar gidan sarautar Amboise.

Amma ba don su na ce ku ba shi yini ba. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, malami kuma mayaƙi, ya yi shekara 15 yana fafatawa da sojan Faransa. A Disamba 1847 ya ajiye makami bisa alkawarin za a kai shi Iskandariya ko Akka. Aka saɓa alkawarin. Aka tsare shi a Toulon, sannan Pau, sannan aka kawo shi Amboise a Nuwamba 1848 tare da iyalinsa da mabiyansa, maza da mata da yara. Shekara huɗu suka yi a cikin waɗannan ɗakuna masu danshi, mutanen da suka saba da rana. Mutum 25 daga cikinsu suka rasu a nan, da dama yara ƙanana. Louis-Napoléon, shugaban Faransa na lokacin, da kansa ya zo a Oktoba 1852 ya shaida masa an sake shi. Shi ne mutumin da daga baya, a Dimashƙ a 1860, ya tsaya da mutanensa ya kare dubban Kiristoci daga kisa.

Waɗanda suka rasun suna kwance a can saman lambu. A 2005 wani mai zane ɗan Aljeriya, Rachid Koraïchi, ya tsara wurin: duwatsu 25 a jere, da rubutun Larabci a jikinsu, da layin tsirrai masu ƙamshi da ya ratsa tsakani yana nuna alƙibla. Yawancin masu ziyara ba sa kaiwa can, sukan tsaya a kabarin Leonardo su juya. Duk lokacin da na je nakan tarar da wurin shiru, sai ƙarar iska da tsuntsaye. Na taɓa ganin wata dattijuwa ta durƙusa tana share ganyen da ya faɗo kan ɗaya daga duwatsun da gefen mayafinta, tana motsa baki, ba ta ko ɗago kai ba.

Hanyar zuwa can tana ɗan hawa, don haka ku je da safe kafin gwiwa ta gaji, ku tafi sannu, kuna hutawa. Ka ba Baba labarin Amir tun a jirgi, ko da yake ina zaton shi zai ƙarasa maka shi. Idan kun isa, ka ja baya kaɗan ka bar shi ya yi musu addu'a iya son ransa, kada ka dubi agogo. Jiragen komawa Paris suna nan har yamma.