Idan abokin ɗaki ya fasa tafiyar jirgin ruwa, wa ke ɗaukar asara?

Alhaji, na ga tambayarka. Ka ce ku huɗu ne daga Garwa, kun kama ɗaki biyu a jirgin ruwan shaƙatawa da zai tashi daga Marsey ta ƙasar Faransa ya zaga Bahar Rum kwana bakwai, kowa ya ba ajans, wato ofishin da ke shirya muku tafiyar, kafin alƙalami, sai ga shi wanda za ku kwana ɗaki ɗaya ya ce ba zai samu zuwa ba. Kana son sanin ko za a mayar masa da kuɗinsa, da kuma ko fasawar tasa za ta taɓa aljihun ku ukun da kuka rage.

Za ta taɓa, kuma naka aljihun za ta fi taɓawa. Don haka tun kafin a shiga lissafi, ka roƙe shi kada ya sa a cire sunansa tukuna. Da zarar an soke suna a wurin kamfani, mayar da shi a kan tsohon farashi sai an yi sa'a.

Kamfanin jirgin ruwa ɗaki yake sayarwa, ba gado ba. Farashin da kuka gani an rubuta "kowane mutum", an yi shi ne a kan cewa mutum biyu za su shiga ɗakin. Kamar shatar mota ce daga Garwa zuwa Marwa: ko ku biyu kuka shiga ko kai kaɗai, direba kuɗin shatarsa yake jira. Wanda ya rage shi ɗaya a ɗakin mutum biyu ana ɗora masa ƙarin kuɗin kaɗaici, kuma a yawancin kamfanoni ƙarin yakan kai kuɗin gado na biyun gaba ɗaya.

Bari mu sa lamba don abin ya fito fili, kai kuma ka musanya da naka alƙaluman. A ce kuɗin tafiya yuro 700 ne kowane mutum, harajin tashoshin ruwa yuro 150. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, saboda haka naka kason yuro 850 ne, kusan sefa 558,000. In abokinka ya fita aka sake lissafa ɗakin da sunanka kai kaɗai, za a nemi 1,400 na ɗaki da 150 na harajinka, wato yuro 1,550. Ka haura sefa miliyan ɗaya ke nan, alhali kai ba ka canza komai ba. Harajin tasha shi kaɗai ne ba ya ninkuwa, domin a kan wanda ya hau jirgi ake karɓarsa.

Shi kuwa mai fasawa, abin da zai rasa ya dogara da abu biyu: irin farashin da kuka saya, da kwanakin da suka rage a tashi. Akwai farashin da kafin alƙalaminsa ake mayarwa muddin ba a kai ranar cika kuɗi ba. Akwai mai rahusa wanda kafin alƙalaminsa ya tafi tun ranar da aka biya, ko kuma a mayar da shi takardar bashi da sai dai a yi wata tafiyar da ita, da sunan mutumin kawai, cikin wa'adi. Mutanenmu sun fi sayen mai rahusar, sau da yawa ba tare da an gaya musu sharaɗin ba. Bayan ranar cika kuɗi tara ke fara hawa mataki-mataki. Ga misalin jadawalin kamfanin jirgin ruwa na Royal Caribbean na tafiyar mako guda ga wanda ya saya a kasuwar Amurka: saura kwana 89 zuwa 75 ana riƙe kashi 25 cikin ɗari, 74 zuwa 61 rabi, 60 zuwa 31 kashi 75, daga kwana 30 zuwa ƙasa kuwa duka. Kamfanonin MSC da Costa, waɗanda suka fi tashi daga Marsey da Jenowa ta Italiya, kowanne da nasa jadawalin, kuma kamfani ɗaya ma sharuɗɗansa na Faransa daban ne da na Amurka. Wanda ya ɗaure ku shi ne wanda ke jikin takardar tabbacin rajistarku. In ajans bai ba ku ita ba, ku karɓa yau.

A nan ne zumunci ke yawan samun tangarɗa, saboda maslahar mai fita da ta mai zama ba hanya ɗaya suke bi ba. In ya fasa da wuri, shi asararsa kaɗan ce, kai kuma an bar ka da ɗaki sukutum. In ya fasa a ƙurarren lokaci, lokacin da tara ta kai ɗari bisa ɗari, shi ya rasa 700 ɗinsa, kai kuwa galibi ba a neman komai a wurinka tunda kamfani ya riga ya karɓi kuɗin gado biyu. Tsakiyar ce mai sarƙaƙiya. A ce ana matakin rabi: an riƙe masa 350, an mayar masa 350 da harajinsa. Wani kamfanin zai ce ka cika 350 ɗin da ya fita, ɗaki ya koma 1,400 yadda yake. Wani kuma zai ɗauki 350 ɗin a matsayin tara zalla, ya sake neman 700 a hannunka. Bambancin ya haura sefa 229,000, don haka ba abin da za a bari a kan "ai na ji an ce" ba ne. Ka sa ajans ya tambayi kamfani a rubuce: in an cire wane yau, nawa za a mayar masa, nawa za a ƙara wa wanda ya rage, kuma ɗakin zai ci gaba da zama namu ko za a canza mana? Sai amsa ta zo sannan a taɓa rajista.

Mafita mafi sauƙi ita ce a samu wanda zai maye gurbinsa. Yawancin kamfanoni suna yarda a canza suna ɗaya a ɗaki, wani lokaci da ɗan kuɗin canji, matuƙar ɗaya daga cikin mutanen asali yana nan. In aka canza duka biyun, sun ɗauke shi an soke an sake sabuwar rajista. Idan kuma tafiyar an saye ta ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai, dokar tafiye-tafiyen haɗaka (waɗanda ake sayar da sufuri da masauki a dunƙule) ta 2015 ta ba matafiyi damar miƙa kwangilarsa ga wani, in ya sanar aƙalla kwana 7 kafin tashi. Sai dai da mai miƙawa da mai karɓa duka ana iya bin su sauran kuɗi da kuɗin canjin. Sabon mutum ya biya abokinka abin da ya riga ya zuba, kowa ya huta.

Amma mu nan kwana 7 ɗin nan kusan a takarda kawai yake. Agogonmu biza ce. Wanda zai maye gurbi yana buƙatar bizar Shengen, wadda ake shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai da ita, ga neman ranar ganawa, ga kwana 15 na duba takardu wanda kan iya kaiwa 45, ga kuɗin biza yuro 90 da ba a mayarwa ko an hana. In jirgin zai tsaya a Tunisiya ko Turkiyya ya dawo, mai shiga sau da yawa ce ta dace, ba mai shiga ɗaya ba. Fasfo kuma ya kasance da sauran wata 6 bayan dawowa. Saboda haka in saura wata guda a tashi, kada ku ɓata lokaci a kan wanda bai da biza a hannu. Ku nemi ɗan kasuwar da tasa ke aiki, ko ɗan'uwa da ke zaune a Faransa. Kuma a sani, hana biza ba hujja ba ce a wurin kamfanin jirgi. Takardun tafiya nauyin fasinja ne, wanda aka hana ana lissafa shi kamar wanda ya fasa don kansa.

Za ku iya tunanin ku ukun ku haɗu a ɗaki ɗaya a saki ɗayan. Yana yiwuwa, kuma mutum na uku yakan biya ƙasa da na biyun farko. Sai dai ba kowane ɗaki ke da gado na uku ba, wanda ake saukowa da shi daga sama ko kujerar da ake shimfiɗewa. Ko akwai gadon, jirgi na da iyakar mutanen da kwale-kwalen ceto za su ɗauka a kowane sashe, in an cika ba a ƙara kowa. Sannan sakin ɗaki na biyu na iya sa a lissafa kai ma ka fasa, tara ta hau kanka. Kafin ranar cika kuɗi wannan dabara tana da kyau. Bayanta sau da yawa ba ta biya.

Wasu za su ba ka shawara a bar sunansa kawai, ranar tafiya ya ƙi zuwa. In an riga an shiga lokacin da ba a mayar da komai, hakan yakan bar maka ɗakin ba tare da ƙari ba, shi kuma a mayar masa harajin tasha da kuɗin hidimar ma'aikata in an biya tun farko. Amma kada a yi haka in yana da inshorar fasa tafiya, domin kamfanin inshora takardar sokewa mai kwanan wata yake nema, kuma da yawa kwana 5 na aiki suke bayarwa a sanar da su.

Maganar inshora na da ruɗani a wurin mutanenmu. Wadda ake saya don biza, mai ɗaukar yuro 30,000, ta jinya ce da dawo da mara lafiya gida. Ba ta biyan ko dala a kan fasa tafiya. Ta fasawa daban ake sayenta, galibi ranar rajista ko 'yan kwanaki bayanta, kuma dalilan da take karɓa a ƙidaye suke: ciwo mai tsanani da takardar likita, rasuwar makusanci, haɗari. "Kaya sun maƙale a Duwala" ko "kasuwa ta tsaya" ba sa ciki. Wasu suna karɓar hana biza in an nema a kan lokaci. In kai kana da ita, duba ko akwai sakin layin da ke biyan ƙarin kuɗin kaɗaici idan abokin ɗaki ya fasa da dalili karɓaɓɓe. Yana nan a wasu, mutane ba sa karantawa ne.

Kuɗin da aka mayar ta hanyar da ya shiga yake fita. In mutum ɗaya ne ya biya wa kowa da katin bankinsa, katinsa za a zuba wa, ba na mai fasawa ba. In ta ajans kuka biya, ajans za a mayar wa, shi kuma ya cire nasa kuɗin aiki, wanda daban yake da tarar kamfani. Yakan ɗauki makonni. Ku ajiye saƙon Orange Money ko MTN MoMo na kowane biya, ku kuma duba rasit ɗin ajans. In "arrhes" aka rubuta, a dokar Faransa mai fasawa abin da ya bayar kawai ya rasa. In "acompte" ne, ana iya binsa fiye da haka. Ku kuma nemi lambar rajista ta kamfanin jirgin kansa, ku shiga shafinsa ku ga sunayenku da abin da aka biya. Akan samu inda ajans ya karɓi kuɗin mutum huɗu amma riƙon wuri kawai ya yi, bai tura komai ba.

Tikitin jirgin sama ba ya cikin duk wannan sai in tare aka sayar muku. Yawancin kamfanonin sama ba sa canza suna, don haka mai maye gurbi sabon tikiti zai yanka. In ku huɗu lambar rajista ɗaya gare ku, a fara raba tasa daban kafin a soke, kada hannu ya zame a soke na kowa. Otal ɗin daren da za ku kwana a Marsey, da motar da za ta kai ku tasha, da duk abin da kuka raba huɗu, yanzu uku za a raba.

Ra'ayina a kan wanda ya kamata ya ɗauki ƙarin: wanda ya fasa don raɗin kansa shi ya dace ya cike giɓin, ko ya kawo madadinsa, tunda da alƙawarinsa aka kama ɗakin. In ciwo ne ko rasuwa ko an hana shi biza, ku ukun ku raba ƙarin daidai, kada a bar wa abokin ɗaki shi kaɗai don kawai shi rabo ya haɗa da shi. Duk abin da kuka tsayar, ku rubuta shi a saƙo ɗaya kowa ya amsa, da adadin kuɗi da ranar biya. Ranar kuma ta zo kafin ranar cika kuɗin kamfani da aƙalla mako guda, saboda in kason mutum ɗaya bai shiga ba a ranar, ɗakin gaba ɗaya ake sokewa, har da kafin alƙalamin wanda ya biya nasa cif.