Tutar da ake ɗagawa bayan zaɓe, da wa take magana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, shagona yana kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram. Duk sanda aka yi gardamar sakamakon zaɓe a wata ƙasa, sai in ga a waya masu zanga-zanga riƙe da tutoci iri-iri: wani ta ƙasa, wani ta jam'iyya, wani ma wadda ban taɓa gani ba. Me suke nufi da su? Kuma in an kawo mini ɗinkin irinsu, in karɓa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ai da ka ce kai tela ne ka rage mini rabin aiki, don ka fi ni sanin yadda tuta take kafin ta hau sanda. Yadi ne kala uku: ruwan goro a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa, sai ka kifa murfin gwangwani ka zana da'irar nan ta rana, ka yanka, ka ɗora. Haka tamu ta Nijar take tun ranar 23 ga Nuwamba 1959. Muddin tana kan teburinka ƙyalle ce. Ranar da ta fita titi bayan an faɗi sakamako, ta zama magana, kuma duk magana tana da wanda ake yi wa ita.

Ga Bahaushe tuta izini ce. Waɗanda Shehu Usmanu ya tura jihadi, masu tuta ake ce musu, ma'ana an ba su ikon jagora. Damagaram ba ta shiga ƙarƙashin waccan tuta ba, Barno ta fuskanta, amma fahimtar ɗaya ce. Gardamar zaɓe kuwa gardama ce a kan wanda jama'a suka ba izini. Shi ya sa wanda aka ce ya faɗi yakan ajiye tutar jam'iyya ya ɗauki ta ƙasa. Lokacin kamfe yana kiran magoya bayansa ne, to kalar jam'iyya ta wadatar. Kowa ya tuna yadda ruwan hodar PNDS Tarayya ke cika gari a atamfa da hula da rawani. Bayan sakamako kuwa so yake ya ce ba shi aka cuta ba, ƙasa aka cuta. Akwai kuma wata dabara a ciki: jandarman da aka turo ya tarwatsa taro, ita wannan tutar yake sara wa kowace safiya. Ba ta tare barkonon tsohuwa, amma hoton jami'i yana fizge tutar ƙasarsa daga hannun yaro ba abin da gwamnati ke son duniya ta gani ba ne.

Sai dai ɗaya ɓangaren ma ita yake riƙe. Dubi Kodibuwa a 2010, wadda tutarta kalolin tamu ne, an dai tsayar da su ne kuma ba rana. Hukumar zaɓe ta ba Alassane Ouattara, majalisar tsarin mulki ta ba Laurent Gbagbo, ranar 4 ga Disamba kowannensu ya yi rantsuwa, kowane yana cewa tutar tasa ce. Kafin ƙura ta lafa an rasa rayuka kusan 3,000. Mai kallo daga nesa, in tuta kaɗai ya duba, ba zai gane taron wa yake gani ba.

A nan gida mun ɗanɗana sau biyu, kuma duka biyun da ɗan garin nan a ciki. A Yulin 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara, wanda ke kan mulki a lokacin, ya rusa hukumar zaɓe CENI ana tsakiyar ƙirga, ya kafa wata hukumar, ita kuma ta ba shi nasara tun zagayen farko, aka tsare 'yan takarar adawa a gidajensu, har da ɗan garin namu, Mahamane Ousmane. A 2021 an yi zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairu, ranar 23 CENI ta ba Mohamed Bazoum kashi 55.75 cikin 100, Mahamane Ousmane 44.25. Shi kuma ya ce shi ya ci da 50.3. Aka fita tituna, ministan cikin gida ya ce mutum 2 sun mutu, an kama 468, aka katse intanet na wajen kwana 10. Ka lura da wannan na ƙarshen. Alama don ido ake yin ta, yanzu kuma idon yana cikin waya. Wanda ya yanke intanet ya naɗe tutar kowa ba tare da ya taɓa ko guda ba.

Waɗanda ka ce ba ka taɓa gani ba, galibi tsofaffin tutoci ne aka tono. A Belarus, bayan zaɓen 9 ga Agusta 2020 da aka ba shugaba mai ci Lukashenko kashi 80, titunan Minsk sun cika da tuta mai fari da ja da fari. Ita ce tutar ƙasar daga 1991 har 1995, lokacin da shi Lukashenko ya sa aka canza ta ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Mai ɗaga ta ya wuce maganar ƙuri'un bana, cewa yake mulkin gaba ɗaya haramtacce ne. Wani lokacin kuma abin da aka tono mai wari ne. Ranar 6 ga Janairu 2021, da magoya bayan Trump suka kutsa majalisar dokokin Amurka, wani ya shiga da tutar jihohin Kudu da suka yi yaƙi don a ci gaba da bautar da baƙar fata. Wasu kuma sun kifa tutar Amurka, ƙasa a sama, wanda asalinsa alamar neman agaji ce ta jiragen ruwa. Tamu in ka kifa ta, kore ya koma sama, mafi yawan mutane za su ɗauka kuskuren mai ɗaurawa ne. Ta Najeriya ko ka kifa ba mai ganewa.

Kala zalla ma tana aiki, kuma ta fi tuta arha. A Iran a 2009 kore ne, tsumma a wuyan hannu da kwali mai cewa ina ƙuri'ata. A Yukren a 2004 ruwan goro ne, kalar kamfen ɗin ɗan takarar adawa Yushchenko. Ana yawan ba da labarin Yukren kamar kala ce ta kayar da gwamnati, ni kuwa ban yarda da wannan karatun ba. Taron ya hana a binne maganar, gaskiya ne, amma kotun ƙoli ce ta soke zagaye na biyu ranar 3 ga Disamba, aka sake zaɓe ranar 26. A Kenya a 2017 da Malawi a 2020 ma alƙalai ne suka soke. Na Malawi har ya yi suna da farin ruwan gogen rubutun nan, Tipp-Ex, da aka shafe alƙaluma da shi a takardun sakamako. Wato abin da ya yi magana a gaban kotu shi ne takardar rumfar zaɓe mai sa hannun wakilai, wadda muke kira PV. In ka ga taro ya cika waya, ka san mutane sun fusata kuma wani ya iya shiri. Ko sun ci zaɓe, hoton ba zai gaya maka ba.

Kai ma kana da abin dubawa da ni ba ni da shi. Tutar da mutum ya haɗa da guntayen yadi, ɗinki a karkace, an ɗaura a karan dawa, daban take da guda 500 masu tsawo ɗaya da sanda iri ɗaya da suka bayyana a safiya guda. Ta biyun wani ne ya biya, kuma ya ba da aikin tun kafin a faɗi sakamako. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, kowane taro yana da mai ɗaukar nauyi, amma yana da kyau a san ko wane ne.

Batun karɓar aiki. Tutar ƙasa sana'a ce kamar kowace, makarantu da ofisoshi da 'yan kabu-kabu duk suna saye, musamman gab da ranar 'yancin kai, 3 ga Agusta, da ranar jamhuriya, 18 ga Disamba. Ta jam'iyya a yanzu ba ta da kasuwa, tunda an rusa jam'iyyu a Maris 2025. Inda nake so ka buɗe ido shi ne tutar wata ƙasa. Ba a kan zaɓe aka yi ba, amma darasin naka ne: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an ɗaga tutar Rasha a Yamai ba wanda ya ce uffan, telolin can ma ciniki suka yi. Shekara guda bayan haka, a Agustan 2024, aka ɗaga ita wannan fari da shuɗi da ja a zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano, hukumomin Najeriya suka kira shi cin amanar ƙasa, aka bi har shago aka kama teloli. Tsakaninmu da Kano kuwa tafiyar yini ce ba ta cika ba.

Don haka in baƙon fuska ya zo da yadin da ba ka san tutar wa ba ce, yana son guda ɗari kafin asuba, ya ajiye kuɗi ba tayi, tambaye shi ta ina ce, ina za a kai ta, wa ya aiko shi. In ya fara kame-kame, miƙa masa yadinsa ka ce keken ya lalace.