Neman zaman sauraren jama'a kan dokar gari: amsa ga ƙanenmu na Tawa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce ka ji an fitar da doka wadda za ta tashi masu tebur da masu shayi daga bakin titin da kuke sana'a a nan Tawa, kuma kana son sanin hanyar da za ku bi ku nemi hukumar gari ta kira zama a bainar jama'a, a saurare ku kafin a soma aiki da ita. Na daɗe ina riƙe da alƙalamin wata ƙungiyar ƙananan ƴan kasuwa, kuma sau biyu irin wannan magana tana faɗo mana. A karo na farko mun kunyata, a na biyu Allah ya dafa mana.

Kafin komai, ku nemi takardar dokar ku riƙe ta a hannu. Irin wannan doka, wadda ma'aikata ke kira arete, tana da lamba da kwanan wata da sa hannun wanda ya fitar da ita, kuma a samanta ana jera manyan dokokin da aka dogara da su. Akan liƙa ta a allon sanarwa na ma'aikatar magajin gari. A karonmu na farko ji-ta-ji-ta muka bi: muka kwashi jiki mu da yawa muka cika farfajiyar ofis, kowa na magana. Da jami'in da ya fito ya tambaye mu wace aya ce ta dame mu, sai muka shiga kallon juna, domin babu ko mutum ɗaya cikinmu da ya karanta ta. Ashe dokar ba ta hana sana'ar ba, tazara kawai ta gindaya tsakanin tebur da kwalta. Laifin namu ne, kuma har yau idan na tuna ranar sai na ji nauyi.

Sannan ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Babbar dokar da ta tsara ƙananan hukumomi a Nijar ita ce mai lamba 2010-54 ta ranar 17 ga Satumba 2010. Tawa na cikin birane huɗu masu matsayi na musamman, tare da Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma an raba ta gunduma biyu, yayin da Yamai ke da biyar. A zamanin zaɓaɓɓun kansiloli majalisa na zama duk bayan wata uku, ana barin jama'a su shiga su saurara, sai dai ɗan kallo ba ya da bakin magana, shi ya sa mukan ɗora kokenmu a bakin kansilan unguwa. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi su riƙe garuruwa. Saboda haka ku duba ƙasan takardar: wanda ya sa mata hannu shi ke da ikon gyara ta ko jinkirta ta, kuma sunan muƙaminsa za ku rubuta a kan wasiƙarku. Wasiƙar da aka kai gunduma alhali dokar daga hukumar birni ta fito, yawo za ta yi ta yi tsakanin ofisoshi har wa'adi ya cim muku.

Kada ku shiga da zaton cewa da zarar kun rubuta, dole a tara muku jama'a. Inda doka ta wajabta jin ta bakin mutane shi ne a manyan ayyukan da ke taɓa muhalli, ko idan hukuma za ta karɓi filaye domin amfanin kowa. Kan dokar tsarin titi da kasuwa kuwa, a aikace neman zaman ake yi, kuma yadda aka nema shi ke sa a samu ko a rasa.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Ku rubuta ta da Faransanci tunda har yanzu da shi ake aikin ofis, amma ku roƙa a cikinta a yi zaman da Hausa. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka ba wani baƙon abu kuka nema ba. Ku ambaci lambar dokar da kwananta, da ayar da ta shafe ku, da adadin teburan da za ta tasa. Wannan adadi ku ƙirga shi da ƙafarku, tebur bayan tebur, kada ku ƙara ko ɗaya don neman tausayi, domin masu karɓar harajin kasuwa sun san ku sarai, kuma ƙari guda ya isa ya zubar da sauran maganarku. Ku haɗa da sunayen masu sana'ar da sa hannunsu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa, har da hotunan tikitin harajin da kuke biya.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne ku zo da mafita. Hukumar da ta ce a tashi daga bakin titi tana da hujjarta: cunkoso, haɗarin motoci da ƴan kabu-kabu, da magudanun ruwa da shara ke toshewa kafin damina. Idan kuka ce a soke doka kawai, kun nemi shugaba ya lashe amansa a gaban jama'a, kuma da wuya ya yarda. A karonmu na biyu ba mu nemi sokewa ba. Mun ce mun amince da tazarar, mun nuna wani fili da ke kusa wanda zai ɗauke mu, mun roƙi a ba mu lokaci mu kwashe rumfunanmu da kanmu, muka kuma ɗauki alkawarin share magudanar da ke gabanmu. Daga nan ne aka daina kallonmu a matsayin masu gardama, aka fara ciniki da mu.

Ku yi kwafi biyu ku kai ofishin karɓar wasiƙu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ku koma da ita gida. Wasiƙar da ba ta da wannan shaida tamkar ba a kai ta ba ce. Kafin ku kai, ku fara gaida mai unguwa ku karanta masa ita, domin bai kamata ya tsinci labarin unguwarsa a bakin wani ba, kuma rakiyarsa na buɗe ƙofar da takarda kaɗai ba ta buɗewa. Ku aika kwafi ga gwamna, wanda ofishinsa ke duba halaccin abin da hukumar birni ta zartar. Bayan mako guda mutum ɗaya ya koma bibiya, shi ɗin dai kullum, har masu ofis su san fuskarsa. Ina kuma ba ku shawara ku kame daga zage-zage a Facebook da WhatsApp muddin wasiƙarku na kan tebur.

Idan an sa rana, ku zaɓi mutum uku su yi magana, kuma lallai a samu mace cikinsu, domin masu tuwo da masu ƙosai sun fi kowa jin zafin tashi, amma su ake mantawa. Wani ya zauna yana rubuta duk abin da aka faɗa, a ƙarshe ku roƙi kwafin rahoton zaman da sa hannu, saboda alkawarin baki yakan bi mai shi idan aka canza masa wurin aiki.

Idan aka ƙi, ko aka yi shiru, akwai sauran hanya: takardar neman wanda ya sa hannu ya sake duba dokar, sannan ƙara gaban alƙalan da ke shari'a tsakanin hukuma da talaka. Wa'adin wannan gajere ne kuma daga ranar da aka bayyana dokar yake fara tafiya, don haka ku ga lauya tun yanzu. Ku sani kuma neman zama ba ya dakatar da doka. Idan ranar tashi ta zo ba a ba ku jinkiri a rubuce ba, ku janye kayanku kada a kwashe su. In ka samu takardar, ka ɗauki hotonta ka turo nan, in duba ayoyin in taya ku tsara wasiƙar.