Tambayi Anti Nas: Zanen gira na allura da kwanakin warkewarsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 23, a Ƙofar Marusa nake a nan cikin Katsina, bikina saura sati uku da 'yan kwanaki. Da muka je Kano sayayyar kayan ɗaki, ƙawata ta kai ni wurin wata mai kwalliya ta yi mani zanen gira irin na allura, wanda ake cewa yana shekara biyu bai goge ba. Yau kwana huɗu ke nan. Anti, girar ta yi baƙi wuluk, ta yi kauri fiye da yadda muka yi da matar, ga ɗaurewa ga ƙaiƙayi, da safe kuma sai in ga wani ruwa-ruwa ya bushe a kai. Mama ta yi faɗa sosai, ta ce in samu gishiri da lemun tsami in dirje abin tun bai zauna ba. Mai gyaran jiki za ta fara mani dilka da turare ranar Asabar. Alwala ma ban san yadda zan yi da ita ba, don matar ta ce kada ruwa ya taɓa wurin. Don Allah ki taimaka mani.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Na riga na amsa maki ta waya ranar da saƙonki ya iso, amma na ga ya dace in buga shi a nan, don ba ke kaɗai ke cikin wannan hali ba.

Ki fara da ba Mama haƙuri, ki ce mata Anti ta roƙi arziki a ajiye maganar gishiri da lemun tsami. Launin nan ba a saman fata yake ba balle dirza ta ɗauke shi. Abin da matar ta riƙe ɗan alƙalami ne mai ƙananan allurai jere a bakinsa, da shi ta yi ta tsaga fatarki siriri-siriri, kowace tsaga da siffar gashi ɗaya, tana cusa launi a ƙarƙashin fatar sama. Wasu kuma da inji suke yi, ɗigo-ɗigo. Ko ta wace hanya aka bi, abin da ke kan girarki yanzu ciwo ne sabo. In kika dirje shi da gishiri, launin ba zai fita duka ba, fatar ce za ta saluɓe, ki tashi da tabo a tsakiyar fuska ana saura kwanaki a ɗaura maki aure. Fatarmu ta baƙar mace kuwa ba ta mantuwa, ɗan ƙurji ma sai ya bar baƙin tabo na watanni.

Baƙin da ya tsorata ki, haka abin yake yi. A kwana biyun farko wurin yakan yi ja, ya ɗan kumbura, ya riƙa zogi yana fitar da ruwa garai-garai ko mai ɗan rawaya-rawaya. Wannan ruwan ciwo ne, ba mugunya ba. Idan ya haɗu da ɗan jini da ragowar launin da ke sama suka bushe tare, sai girar ta fi yadda za ta zauna duhu nesa ba kusa ba, kumburin kuma ya ƙara mata faɗi. Daga wajen kwana na biyar zuwa na goma ɓawo zai fara tashi, ƙaiƙayin ya ƙaru, girar ta yi dabbare-dabbare, nan duhu can haske. A nan mata da yawa ke ɓata aikin. Za ki tsaya gaban madubi ki ga ɗan ɓawo yana reto, hannunki ya riƙa kai kansa wurin. Kada ki ɓamɓare shi. Ɓawon da aka cire kafin lokacinsa da launin yake tafiya, ya bar gurbi fari, wani lokacin ma ya buɗe ciwon ya koma ɗanye. Ki bar shi ya faɗi da kansa. In ƙaiƙayi ya dame ki, ki wanke hannu ki ɗan danna gefen wurin da yatsa, ban da susa.

Kulawar ba ta da yawa. Safe da dare ki wanke hannunki da sabulu, ki jiƙa auduga mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, ki dangwala a kan girar a hankali ki ɗauke ruwan ciwon da ƙura, sannan ki tsane da busasshiyar auduga. Idan matar ta ba ki man shafawa, kwatankwacin ƙwayar shinkafa ɗaya ya ishi gira biyu. Laftawa da yawa na toshe ciwon ya jiƙa ɓawon. Da yake hunturu muke ciki, iskar Katsina ta wannan lokaci tana busar da ɓawo har ya tsage, ga ƙura, don haka ki rage yawon Keke Napep a kwanakin nan, in fitar ta zama dole ki goge wurin da kin dawo. Ki sauya rigar filo, ki kwanta rigingine gwargwadon iyawarki. Bakin hijabi ko ɗaurin ɗankwali kada ya sauko ya riƙa gogar girar. Ruwan zafin da kowa ke wanka da shi da sanyin nan, ki sirka naki sosai, kada ki tara fuska a tururinsa, haka tururin tukunyar tuwo da zafin murhu. Gumi da tururi suna tausasa ɓawo ya tashi da wuri.

Akwai abubuwan da nake roƙonki kada su kusanci wurin: sabulun salo, Dettol, sifirit, man zafi, man bilicin, da baƙin lalle. Na taɓa karɓar wata yarinya a wurin aikina na jinya wadda aka ba shawara ta fasa kafso ɗin nan ja da rawaya ta kwaɓa garin da man zafi ta shafa, wai don ya bushe da wuri. Ta shigo da mayafi rufe da rabin fuska. Da ta yaye, fatar idonta ta hagu ta kumbura har idon ya rufe, girar ta yi wani ɓawo mai kauri, mugunya na tsattsafowa ta ƙarƙashinsa. Ta warke, alhamdu lillahi, amma gashin girarta na ainihi bai dawo duka a wurin ba.

Mai gyaran jiki kuwa, ki yi magana da ita tun yau. Dilka da halawa a jiki babu laifi, amma daga goshi zuwa fatar ido a bar maki shi sarai. Turaren da ake lulluɓe amarya a kai ta yi ta haɗa gumi, a ɗaga shi sai kin cika sati biyu kuma ɓawon ya gama zuba. Lokaci zai ishe ku. Ranar biki za ki kai wajen wata guda da yin zanen, fatar ta rufe, mai kwalliya za ta iya sa maki jagira da hoda ta cike duk inda bai yi daidai ba. Ki dai tabbatar burushinta wankakke ne.

Maganar alwala. Abin da ke cutar da ciwon shi ne jiƙa shi ya daɗe a jiƙe, da cuɗa shi da ƙarfi. Ruwa mai tsabta ya bi ta kai sau ɗaya a tsane shi nan take, wannan ba ya ɓata komai, masu wannan sana'a da yawa ma yanzu wankewa a hankali suke sa mutane yi. Kin san wanki ɗaya shi ne farilla a alwala, na biyu da na uku ƙari ne na falala. To ki wanke fuska sau ɗaya, ki bi ta kan girar da tafin hannu a hankali, ki tsane da auduga, man kuma ki shafa shi bayan alwala. In ciwon ya yi tsanani har ruwa na cutar da shi, a fiƙihu akwai babin shafa a kan ciwo, sai ki tambayi malamarku ta Islamiyya yadda ake yi. Ba a barin salla saboda gira.

Faɗan Mama kuma yana da tushe, ba zan ɓoye maki ba. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya ambaci tsinuwa a kan masu yin zane a fata da masu neman a yi masu. Malaman zamani da yawa sun sa wannan zanen gira a cikin hukuncin, tunda ana huda fata a cusa launi, akwai kuma waɗanda suka bambanta shi da cewa yana gogewa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, fatawa ta malamai ce. Amma da kin tambaye ni kafin ki je Kano, da na ce maki ki riƙe jagirarki. Yanzu tunda an yi, gaggawar cirewa ta fi barinsa haɗari. Ko na'urar leza da ake goge zane da ita sai fata ta warke sarai ake kawo maganarta, kuma wasu launukan gira masu sinadarin ƙarfe ƙara duhu suke yi idan hasken ya taɓa su. Barinsa ya dusashe da kansa cikin shekara ɗaya zuwa uku shi ne mafi sauƙi, muddin ba ki koma an ƙara ba.

Ga abin da zai sa ki tafi asibiti ba tare da jiran gobe ba: zafin ya riƙa ƙaruwa bayan kwana uku maimakon ya ragu, kumburi ya sauko fatar ido, wurin ya ɗauki zafi in kin taɓa, mugunya mai kauri ko mai wari, ko zazzaɓi. Haka in ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso a kan zanen suka ƙi tafiya, wataƙila jikinki ne bai karɓi launin ba. Ciwon da ke kusa da ido ba na kemis ba ne. Babban Asibitin Katsina na nan, Asibitin Koyarwa na Tarayya ma na nan.

Sai tambaya ɗaya da nake so ki amsa wa kanki da gaskiya: a gabanki aka ɓare allurar daga sabuwar leda? Ciwon hanta nau'in B da C da cutar HIV duk suna bin allurar da aka yi wa wani aiki da ita. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawansu ba su ma sani ba. In ba ki gani da idonki ba, ki je ki ga likita a cikin satin nan ki faɗa masa, musamman in ba a taɓa yi maki rigakafin ciwon hanta ba. Gwajin kafin aure da za ku yi yanzu ba lallai ya nuna abin da ya shiga jiki kwanan nan ba, sai an maimaita bayan wata uku zuwa shida.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Daga Daura nake, matar aure ce ni. Nawa zanen yau kwana 13, ɓawon ya zube amma launin ya ɓace kusan gaba ɗaya. Wadda ta yi mani ta ce in dawo jibi ta maimaita. In je? Ina kuma shafa man ƙara haske.

AMSA: Kada ki je jibi, 'yar'uwa. Kuɗinki bai faɗi ba tukuna. Bayan ɓawo ya zube sabuwar fata ce ke rufe wurin, kuma da farko takan yi fari-fari ta dushe abin da ke ƙarƙashinta, kamar yadda adon atamfa ke dushewa in an yafa mayafi a kai. Daga sati na huɗu zuwa na shida fatar za ta daidaita, launin ya sake bayyana, ko da yake ba zai koma duhun kwanakin farko ba. Shi ya sa masu aikin da suka san abin da suke yi ba sa maimaitawa sai an cika sati shida zuwa takwas. Sake tsaga fatar da ba ta gama warkewa ba shi ke kawo tabo, ya sa layukan su narke su haɗe, launin ya koma toka-toka. Duk mai ce maki ki dawo a kwana 15, ni ban natsu da hannunta ba.

Man da kike shafawa ya fi damuna. Da yawan irin waɗannan mayuka suna da sinadarin sitiroid mai sa fata ta yi siriri ta riƙa jinkirin warkewa, ga shi suna cinye launin da wuri. Ki nisanta shi da goshinki gaba ɗaya. In kin daɗe kina shafa shi, ki ga likitan fata ya nuna maki yadda ake rage shi a hankali, don yanke shi rana ɗaya kan sa fuska ta yi ja ta feso da ƙuraje.

TAMBAYA: Anti, gashin girata ne ke zubewa ta gefe, shi ya sa nake son yin zanen. Amma inda aka yi mani hujin kunne na biyu wani tudun nama ya fito. Zan iya yi?

AMSA: A'a ƙanwata, ban ba ki shawara ba. Wannan tudun shi likitoci ke kira kiloyid, kuma jikin da ya yi shi a kunne zai iya yin sa a duk inda aka tsaga. Maganinsa na da wuya, yakan dawo ko an yanke. Haka mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai shan maganin tsinka jini, duk su haƙura. Zubewar gira ta gefen waje kuma wani lokaci alama ce ta raunin aikin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayiroid, musamman in akwai kasala, jin sanyi fiye da kowa, bushewar fata ko ƙiba ba dalili. Ƙarancin jini ma na zubar da gashi. Ki je a auna jininki tukuna, ki rubuto mani abin da likita ya ce.